Ranar da Aka Kwashe Layi Kafin Bernice Ta Iso

"Ke, leƙo ki gani. Ta sake fitowa."

"Wai gudu ne wannan, ko wani abu ta yar take nema?"

"Rufa mata asiri, likita ne ya sa ta."

"To ya canza mata magani, don motar shara ma ta fi ta sauri."

Bernice Ackroyd ta ji su sarai, don tagar a buɗe take, kuma matan layinsu ba su iya raɗa ba. Ba ta waiwaya ba. Idonta na kan falwayar wuta ta gaba, can ta yi niyyar kaiwa kafin ta tsaya.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana girki a wata makarantar firamare a garin Keighley na Ingila. Da aka ba wani kamfani kwangilar abincin, sai aka sallame ta da katin godiya da furanni. A gida kuwa ga mijinta Clifford, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, amma ta bar masa bakinsa lafiya ƙalau.

"Ina za ki da takalman 'yan mata, tsohuwa?" in ji shi. "In za ki faɗi, ki faɗi kusa da gida, ba ni da ƙafar zuwa kwaso ki."

Da falwaya ɗaya ta fara, ta yi gudu zuwa ɗaya, ta taka zuwa biyu. Duk ranar da ta ƙara ɗaya, sai ta manna wa firji tauraron takarda, ragowar waɗanda take ba yaran da suka cinye kayan lambunsu. Clifford ya ce saura a ba ta alawa.

Daga nan ta shiga gudun Asabar da ake yi a lambun shaƙatawa na gari, ƙarfe tara na safe, kilomita biyar. Ƙa'idar wurin ce ta riƙe ta: ba a barin kowa ya zo na ƙarshe. Akwai mai rufe baya, sanye da riga ruwan lemo, aikinsa ya bi bayan wanda ya fi kowa jinkiri. Sai ya tsallake layin ƙarshe ake tsayar da agogo a kwashe kaya. Wilf Tordoff ne mai wannan aikin, tsohon ma'aikacin gidan waya. Asabar arba'in da tara yana bayanta, tana gudu tana takawa, yana cewa, "Ci gaba, yarinya. Ni ne kutal, ba ke ba."

A Asabar ta hamsin ta ƙudurta za ta yi gudun tun daga farko har ƙarshe, ko taku ɗaya ba za ta yi da tafiya ba. Ta yi kuskuren faɗa wa Clifford.

"Ki kawo min a rubuce," in ji shi, "da sunanki da lokacinki. Baki dai kowa na da shi."

Ranar aka tashi da yayyafi. Wilf bai zo ba, an yi masa aikin ido, wani dogo da ba ta sani ba ne ya sa rigar lemon. Ita kuma ta ɗora tsohon kwat ɗin Clifford a kan kayanta, ta ja hular ulu har gira.

A hawan da ke bayan tafki, wasu mata biyu 'yan taron masu tafiyar sauri suka zo suka wuce ta suna hirar labulen taga. Tafiyarsu ta fi gudunta. Dogon ya biyo su, ya kauce mata cikin ladabi.

"Sannu, Mama. A kula da santsi."

Ya ɗauka tsohuwa ce ta fito shan iska. Ta buɗe baki za ta ce ita ma tana cikin gudun, numfashi ya ƙi. Ta san in ta tsaya yin bayani, shi ke nan ta tsaya. Haka ta ga bayan rigar lemo karo na farko a rayuwarta, yana ƙara nisa.

Ita kaɗai ta yi sauran. An cire allunan nuna hanya, amma ƙafarta ta san kowace kwana. Gwiwarta ta hagu na zafi kamar an soka ƙusa. Ba ta taka ba.

Da ta fito fili, babu layi, babu mai tafi. Imogen Sugden, matashiyar da ke jagorantar taron, tana loda sandunan da ake kafa layin ƙarshe da su a bayan motarta. Bernice ta iso gabanta ta ci gaba da sassarfa a wuri ɗaya, kwat ɗin na ɗigar ruwa.

"Kai, Mama Bernice! Daga ina? Ai mun ɗauka yau ba ki zo ba."

"Na... zo."

"Wayyo, an riga an tsayar da agogo. Kar ki damu, sai mu sa miki lokacin mai rufe baya, har ma ya fi naki kyau. Zauna ki huta mana."

Lokacin wani, na mutumin da ya wuce ta. Shi za ta kai wa Clifford? Bernice ta girgiza kai, ƙafafunta ba su daina ɗagawa ba, duk da cewa da ƙyar suke rabuwa da ƙasa.

"Ba na son nasa. Duba agogon hannunki, tun tara nake tafe." Ta ja numfashi. "'Yar nan, fito da sandunan nan biyu ki kafa min su in wuce. Yi sauri, don Allah, gwiwar ta kusa ƙi."