Dutsen da Verla Ta Kai wa Kaji

Verla Stoddard ba ta yarda da ido ba, da harshe ta yarda. Tun da ta sayar da shanunta ta shiga aikin sa kai a ƙaramin gidan tarihin garinmu, nan Wyoming, duk abin da aka tono aka ajiye mata sai ta lasa. In harshe ya manne, ƙashi ne. In bai manne ba, dutse ne, sai bokiti. Benci ɗaya muke zama da ita, kuma har yau ƙyanƙyamin abin nake ji.

Bara aka ba ta ƙoƙon kan jaririn soropod, dainoson nan mai dogon wuya da babbansa ya fi tirela tsawo. Duk lokacin sanyi tana kankare shi, tana yi masa hira kamar ɗan maraƙi. Tambayarta ɗaya ce: me ke cikin kan nan, da ɗan mitsitsi zai fito daga ƙwai ya san ya miƙe ya nemi abinci?

Ƙoƙon dama a tsage ya zo. Ranar da ta raba shi biyu, wani dunƙulen dutse ya faɗo daga ciki. Ta lasa, bai manne ba. Sai bokiti.

Bayan kwana biyu, da Dakta Pruitt, mai kula da ƙasusuwan, ta leƙo ta ga ramin wayam, sai ta dafe kai.

"Verla, ina abin da ke ciki?"

"Dutse ne, 'yar nan. Na ɗanɗana."

"Ai dutsen shi ne maganar! Laka ce ta cika gurbin ƙwaƙwalwar ta daskare. Siffarta ke nan fa, har da hanyoyin jijiyoyi."

Tarkacen bokitin nan gida Verla take kaiwa, ta zuba a gidan kaji saboda taɓo.

Mun wuni a durƙushe cikin kashin kaji, ni da ita, tana ta faɗa da zakara. Na ce, "To, tsohuwa, yau ma lasa za ki yi?"

Ta ce, "Rufe min baki, Dell, ka duba ƙarƙashin kwanon ruwan can."

Can kuwa muka same shi, bai fi babban yatsa ba, jikinsa tudu-tudu. Ta goge shi da gefen riga, ta daɗe tana juya shi. Tausayi ta ba ni.

"Da ɗan wannan kaɗai ya fito duniya," in ji ta. "Duk sanyin nan ina tambayarsa, ashe ya ba ni amsa, na kwasa na kai wa kaji."