Dutsen da Ɗahiru Ya Ɗauko wa Askale

A danginmu ba a kiran sunan Inna Askale sai an haɗa da jabana, gahawar da ta rayu da sayar da ita a kasuwar Gadarif. Bahabashiya ce, haifaffiyar Matamma, garin ƙasar Habasha da ke kallon Gallabat ta ƙetaren iyaka. A can Baba Mato ya gan ta lokacin da yake kai gishiri yana dawowa da gahawa, ya aure ta, ya kawo ta ƙauyensu kusa da Basunda. Ta koyi Hausa har ta fi wasu 'ya'yan gida iya faɗa da ita, amma addininta ba ta sake shi ba. Baƙin zare da ɗan gicciye suna wuyanta, Laraba da Juma'a ba ta cin abin da ya fito daga jikin dabba. Mato bai taɓa matsa mata ba. In Ramadan ya zo ita ke tashi ta yi masa sahur, in nata azumin ya zo shi ke hana a zuba man shanu a tukunya.

'Ya'ya biyu ta haifa, duka suka koma tun suna goye. Wanda ya cika mata gida shi ne Ɗahiru, ƙanin Mato, abokin wasanta. Shi ke shigowa yana cewa, “Ina matata Bahabashiya?” Ita kuma ta ce, “Ga ta nan, mijin da bai taɓa kawo ko albasa ba.” A kwanonta ya ci har ya yi aure.

A farkon shekarun casa'in, lokacin da sababbin dokokin addini suka fara tsananta a ƙasar, zazzaɓin kala'azar ya kwantar da Mato. Ya san matarsa ba za ta gaje shi ba tunda addininsu ba ɗaya ba ne, don haka ya kira Ɗahiru ya ce ɗakin da take ciki da 'yar gonar riɗi ta bayan kwari ya ba ta su kyauta tun yana raye, Ɗahiru ne shaida. Ɗahiru ya ce ya ji. Da aka yi addu'ar bakwai, dattawa suka zauna rabon gado, Askale ta faɗi abin da aka yi. Aka juya ga Ɗahiru, ya dubi ƙasa ya ce shi bai ji wannan magana ba.

Da yamma ya same ta a ƙofar ɗaki. Ya ce, “In kina son zama, ki yi shahada. Zamani ya canja, ba zan iya riƙe kafira a gidan ubana ba.”

Ta ce, “Da kake cin tuwona ba ka ji kafirci a ciki ba?”

Ya juya ya tafi. Washegari ta hau lori a kan buhunan dawa, da ƙunshin tufafi da tukunyar jabanarta, ta nufi Gadarif.

Ta sami 'yar rumfa a bayan kanisar Habashawa, wato cocinsu. Wata mai toya kisra, siririyar wainar dawa, Hajiya Ummusalama, ta ara mata murhun gawayi, ta matsa mata wuri a ƙarƙashin bishiyar da take zama. Nan Askale ta shimfiɗa rayuwarta: 'yan kujeru, ƙananan kofuna, turaren wuta, gahawa da citta. Wahala ba ta ƙyale ta ba. In 'yan kasha suka zo kamen masu sana'ar bakin titi, su kwashe kujeru da murhu su jefa a mota, ta kwana biyu ba ta da abin zama. Amma ba ta taɓa kwana da yunwa har ta kasa tashi ba. Ranar da ba ta da komai, wani lebura da ya dawo daga yankan riɗi a Simsim zai ajiye mata mudun dawa don ta taɓa ba shi shayi yana zazzaɓi. Ko Hajiya ta turo mata kisra ta ce ta ƙone ba za ta sayu ba, alhali ko gefenta bai yi baƙi ba. Askale ta riƙe waɗannan a matsayin hannun Allah, ba ta yarda a kira su sa'a. In aka tausaya mata sai ta ce, “Me na rasa? Ina da inuwa, ina da wuta, na ci yau. Gobe ma Allah ya san inda nake zaune.”

Da gaske take faɗa. Ba ta yi hassadar masu gini ba, ba ta yi kwaɗayin zinaren matan 'yan kasuwa ba. Abu ɗaya ne bai kwanta a zuciyarta ba. Kullum da safe, bayan ta gama godiya, sai ta ƙara da cewa, “Ga kuma Ɗahiru. Ban ce ka kashe shi ba. Ka bar shi da ransa da hankalinsa, ina so ya ji.” Shekarar da ruwan ƙarshen damina ya zubar masa da riɗi a gona, duk wanda ya zauna a kujerarta ya sha kofi na biyu kyauta. Sai dai Ɗahiru bai faɗi ba. Ya ƙara gona, ya shiga haɗin gwiwar tarakta, ya yi ƙiba.

Abba, limamin kanisarsu, ya gaya mata mai riƙe da ƙullin wani a zuciya ba ya karɓar jibin Ubangiji. Ta ce, “To zan jira, Abba. Ɗaki ya karɓe, gona ya karɓe. Yafiyata ce kaɗai ta rage a hannuna, ita ma in miƙa masa bai ko tambaya ba?” Shekara da shekaru tana tsayawa a baya tana kallon wasu suna karɓa, abin yana ci mata rai, amma ba ta sauya ba.

Furfura ta gama cin kanta lokacin da labari ya zo cewa Ɗahiru zai tafi aikin Hajji. Kamar yadda aka saba, ya bi dangi gida gida yana neman gafara. Wani malami ya gaya masa haƙƙin mutum ba ya wankuwa a Arfa sai mai shi ya yafe, ko da mai shi ba Musulmi ba ne. Ya kasa zuwa da kansa, ya aiko ƙanwarsa Fadimatu da sukari da sabon lulluɓi.

Askale ba ta ko taɓa kayan ba. Ta ce, “Fadimatu, ki mayar. A ƙasarmu wanda ya ci amana ba ya aiken sukari. Dutse yake ɗorawa a wuyansa, ya zo ya sunkuya a gaban wanda ya cuta. Ba ya sauke shi da kansa, wani ma ba ya sauke masa. Sai wanda aka cuta ya ga dama.”

“Yaya, a cikin kasuwa? Mutum da jikoki?”

“A gaban dattawa ya yi ƙarya. Nan ma akwai dattawa.”

Dutsen da Habashawa ke nufi bai wuce a riƙe shi da hannu ɗaya ba, alama ce kawai. Amma Fadimatu dutse aka ce mata, dutse ta isar. Ƙauyensu kuwa baƙar laka ce zalla, sai ka yi yawo ba ka ga abin jifan kare ba. Dutse ɗaya ne a gidan, na niƙa, wanda Askale ta bari a bayan ɗakinta. Ɗahiru ya yi tunanin girman laifi ai sai babban dutse. Ya sa aka loda shi a mota.

Da hantsi amalanken jaki ya tsaya kusa da bishiyar. 'Yan dako biyu suka ɗaga dutsen suka ɗora wa Ɗahiru a bayan wuya, ya tallafe shi da hannu biyu, ya tako a sunkuye har gaban murhu. Askale ta gane dutsen kafin ta gane mutumin. Ta ga gefen da ya guntule, ta ga kwarin da hannunta ya yi masa. Ta san an yi kuskure, ta kuma san kalma ɗaya za ta gyara shi. Ba ta faɗe ta ba. Ta ɗebo ɗanyar gahawa ta zuba a kasko ta fara suya a hankali.

“Yaya Askale, na zo,” in ji shi.

“Wa ke magana? Ban ga fuska ba.”

“Ɗahiru ne.”

“Wane Ɗahirun? Mai kunne ko marar kunne?”

Mutane suka fara taruwa. Gumi na ɗiga daga gemunsa. Hajiya Ummusalama ta raɗa mata, “Ke Askale, zai mutu miki a gaban kaya, a ce gahawarki ce.”

“Ba zai mutu ba, Hajiya. Na roƙa a bar shi da rai.”

Ta zuba gahawar a turmi ta daka. Sai da ta gama ta ce, “Me Mato ya ce maka?”

“Ya ce ɗaki da gona naki ne.”

“Na bayan can ba su ji ba.”

Ya maimaita da ƙarfi. Ya ce shi ne shaida, ya ji, ya yi ƙarya. Ya ce gonar tana nan, ta karɓa, da duk abin da take so a kai.

Wannan ce ranar da take roƙo kowace safiya. Ta dube shi tana jiran daɗin da ta ɗauka za ta ji, ya zo kuwa, amma bai kai yadda ta zata ba. Tsoho ne kawai a gabanta, ƙeyarsa irin ta Mato. Gonar ma da ta lalubi zuciyarta, ba ta sami wurin da za ta ajiye ta ba.

Ta ce, “Riƙe gonarka. Wanda ya ciyar da ni tun ranar da ka kore ni bai nemi taimakon gonar nan ba. Maganar nake so, na kuwa ji ta. Na yafe maka, Ɗahiru.”

Ta miƙe ta sa hannu biyu za ta ɗauke dutsen, ya ƙi motsi. Ta sake gwadawa. 'Yan dako suka matso, ta ce kada wanda ya taɓa, ba haka ake yi ba. Ɗahiru yana nishi yana cewa, “Yaya, don Allah.” Sai ta koma gefensa, ta kafa kafaɗa, ta ture dutsen. Ya sulale ya sauka a kan babban ɗan yatsan ƙafarsa ta hagu.

Da bandeji Ɗahiru ya hau jirgi, da ɗingishi ya yi ɗawafi, farcen kuma bai sake fitowa daidai ba. Har yau dangi ba su daidaita ba: 'ya'yansa na cewa da gangan ta yi, Fadimatu na cewa ƙarfin tsohuwa ne ya ƙare a nan. An tambayi Askale ba sau ɗaya ba. Amsarta ba ta canjawa: ita ta yafe da zuciya ɗaya, Allah shaida ne, inda dutsen ya ga damar sauka kuwa ba ta da hannu a ciki. In ta faɗi haka sai ta ƙara da cewa ba ta kuma yi baƙin ciki ba.

A ƙarƙashin bishiyar nan ta ƙarasa shekarunta. Ɗahiru in ya shigo Gadarif sayar da riɗi yakan zo ya zauna a kujerarta, ya miƙe ƙafar hagu gefe. Takan zuba masa gahawa kamar kowa, ta tambaye shi yara, amma ba ta taɓa tambayarsa ƙafa ba.