Mutumin da Ya Ba Ni Ƙofa In Buɗe

Shekara goma sha ɗaya rabona da garinmu Riga, ban taɓa jin tsoro ba irin na ranar Talata, 8 ga Nuwamban 1955, da aka ce zuciyarka ta tsaya, Maigida Ottokar Leinweber, shugaban sashen wasan kwaikwayo na gidan rediyonmu.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Masifaffe ne kai. Ka taɓa sa wani shehin malami ya maimaita laccarsa sau huɗu don takardarsa tana ƙara. Ka kori mai goge saboda atishawa. Ni kuwa ka ce Jamusancina kamar ana jan kujera a kan katako.

Amma kai kaɗai na gaya wa saƙon da wani matuƙin jirgin ruwa ya kawo mini: tsohuwata tana raye, tana kama tasharmu ranar Alhamis, ta rage murya don maƙwabta. Idan aka ambaci sunana a rediyo, hukumar can za ta zo ta tafi da ita.

Ka harare ni, ka ce, "To, ɗan gudun hijira, ka iya buɗe ƙofa?"

Tun daga ranar, kowane wasan Alhamis sai an sami baran gida a ciki, ko marubucin bai sa ba. In buɗe ƙofa, in ce, "Ranka ya daɗe, an yi baƙo." Ba suna, ba komai. Wani marubuci ya yi ƙorafi, ka ce masa, "Gidan da ba bara ai kango ne. Je ka rubuta waƙa." Da wannan jimla guda tsohuwata take sanin ina numfashi.

Sabon shugaba ya ce harshena yana ɓata wasa, ya cire ni. Gaskiyarsa ne, ba kuma zan iya gaya masa dalilin ƙofar ba, don ban san da wa yake shan giya ba, kar magana ta isa Riga. Ya yarda dai a riƙa maimaita tsofaffin wasanninka zuwa bazara. Sai dai zaren ɗaukar murya tsada gare shi, a nan goge shi ake yi a sake ɗauka a kai. Ko da na isa ma'ajiya, an riga an hau yawancin naka da kiɗan biyano.

Tsohuwar ta haura saba'in. Alhamis ɗin da ƙofa ba ta buɗe ba, na san abin da za ta ɗauka, kuma ba mai je mata da gyara.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka zafin bakinka saboda wannan ƙofa. Uwargida Hedwig, ke da 'yarki Renate, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku.

Wasanninka da na tsirar guda tara ne. Biyu na kafin ka ba ni ƙofa ne, ba ni a ciki. Saura Alhamis bakwai.

Arvids Kalnietis