Guzuma, Motar Ja da Sai an Tura

Duk wanda ya yi sallar asuba a masallacin unguwarmu ya san abin da ke biyo bayan sallama. Kafin liman ya juyo, Yaya Agali ya riga ya tsaya bakin ƙofa da rawaninsa mai baƙin mai, yana zaɓen majiya ƙarfi da ido. Ba ya roƙo. Cewa kawai yake, "Jama'a, a cika lada." Cika ladan nan kuwa, a tura masa Guzuma ne har ta tashi.

Guzuma ita ce bashensa, tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya mai shan gazuwal, wato man dizal, wadda ya saya bayan ta gama cin zamaninta a hanyar Libiya. Da ita yake jan motocin da suka yi pan, wato suka lalace a hanya. Ku dai duba, motar da sana'arta jan wasu, ita kanta sai an tura. Ni ƙanensa ne ciki ɗaya, na sha ce masa ya sayi sabon batiri. Amsarsa ba ta canzawa: batiri yana mutuwa, maƙwabta ba su ƙarewa. Har ta kai wasu samari suka ƙaura zuwa masallacin bakin kasuwa. Da labari ya iske shi, sai ya ce dama ya lura imaninsu irin na Guzuma ne, ba ya tashi sai an tura. Ranar nan liman da kansa ya naɗe hannun riga ya kama bayan mota, yana dariya yana haki.

Gazuwal kuwa wurin masu bido, wato jarka, na bakin hanya yake saye, kuma ba ya zubawa sai ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. Wata rana ina tsaye ya ɗanɗana na wani Issufu, ya lumshe ido, ya jinjina kai kamar mai shan shayin farko. Issufu har ya fara murmushi.

"Issufu, ruwan nan naka yana da kyau," in ji Yaya. "Amma ka bincika, wani mugu ya ɗiga maka gazuwal ciki."

Matarsa Tsahara ta ce abin da ke ba ta mamaki, harshen da ke gane ruwa cikin gazuwal bai taɓa gane gishiri ya yi yawa a miya ba. Ita ce ma ta fi kowa shan wuyar Guzuma, don in tukunyar ruwan moter, wato injin motar, ta fara yoyo, yajinta yake sacewa ya zuba ciki, wai yana toshe huda. In motar ta yi zafi, unguwa duka sai ta ɗauki ƙamshin balangu.

Amma abin da Yaya ya ɗauka mutunci shi ne ba a taɓa ganin Guzuma a bayan igiya ba. A gabansa ake faɗin haka, a gabansa kuma ba a musu.

Wata ranar Alhamis ina dawowa daga Cirozerin inda nake aiki, na samu ɗani a motarsa. Ya je jan motar wani Alhaji Sanusi ne, mutumin Damagaram da ya samu rabo a haƙar zinariya, ya sayi mota mai sheƙi wadda ta ƙi tashi. Muna tafe muna jansa, sai Guzuma ta yi tari, ta yi atishawa, ta mutu. Yaya ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya yi mata lallashi, ya yi mata zagi, ba ta motsa ba. Alhaji Sanusi don jin haushi ya murɗa makullin tasa, sai ga ta ta tashi lafiya lau. Mutumin kirki ne, ya ce a juya igiya ya ja mu zuwa gari.

Yaya ya dube shi kamar ya ce a juya alƙibla. Ya ce gara ya kwana nan kuraye su cinye shi. Muka yi ta magiya har rana ta karkata. Daga baya shi da kansa ya kawo dabara: ya ɗaura tsohuwar ƙafar mota, wato taya, a gaban motar Alhaji, ya ce ya riƙa tura mu daga baya, igiya kuma a bar ta ɗaure yadda take. Haka muka shiga Agadas, Yaya ya fito da gwiwar hannu ta taga yana amsa gaisuwa. Wajen tasha wani ya ɗaga murya ya ce, Agali, igiyarka fa tana jan ƙasa.

"Jan gwani ke nan," in ji shi. "Igiya ma ba ta sanin ana aiki."

Da muka isa ya karɓi ladan aikinsa cif, ya kuma gargaɗi Alhaji ya riƙa kula da motarsa.

Ranar da Guzuma ta shiga gari a bayan igiya da gaske, ba wanda ya yi dariya. Cikin tsakiyar bazara ne labari ya zo cewa wata bashe cike da matafiya, har da mata da yara, ta mutu nesa a hanyar Dirku, ta kuma kauce daga inda motoci ke bi. Masu sababbin motoci suna ta shawarar wa zai je, wa zai biya. Yaya kuwa ya cika bidoji da ruwa, aka tura shi ya tafi. Wani daga cikin matafiyan ne ya ba ni sauran labarin. Ya iske su sun fara shan ruwan moter. Ya shayar da su, ya ɗaura igiya, ya yi ta jansu cikin rairayi yana zagin shofer ɗinsu a kan ƙazantar moter. Guzuma tana zafi tana neman ruwa, yara ma suna nema. Da ya rage bido ɗaya, ya tsaya ya daɗe yana kallon motar, sannan ya miƙa wa matan. Guzuma ta kai su har bakin rijiya, nan moter ɗinta ya ƙone ƙurmus.

Kamiyo ne, babbar motar kaya, ya jawo ta gida. Da suka zo bakin gari Yaya ya sauka, ya ja rawani ya rufe fuska, ya bi ta a ƙasa har ƙofar gida. Masu zuwa yaba masa ya kore su, ya ce shi ba don kowa ya je ba, sabuwar igiya ya je gwadawa. Guzuma kuma bai yarda ta mutu ba, wai hutawa take.

Bai daɗe bayanta ba ciwon ciki ya kwantar da shi. A gidan likita da aka ce za a yi masa aiki, ya ce wa lokotoro kada ya buɗe moter in ba shi da kayan canji. Mun yi dariya, shi ma ya yi, amma kowa ya gane. Da la'asar ya ga Tsahara tana share hawaye a bakin ƙofa, sai ya kama hannuna.

"Ka ce mata ta bari," ya ce a hankali. "Wannan ba pan ba ne. Isowa ce."

Allah ya jiƙan Yaya Agali, ya yafe masa kurakuransa. Yadda bai bar bayinka da ƙishirwa a daji ba, ya Allah, ka shayar da shi, kada ka bar shi a hanya.