Sanusi Ba Ya Tura Ɗan Wasa ta Waya

Shekara tara ke nan, a wannan wata, da muka yi wa Malam Sanusi sallar gawa a Lyon. Abokina ne tun muna lise, wato sakandare, a Maraɗi, tare muka zo karatu Faransa, tare kuma muka tsufa a nan ba mu shirya ba. Duk shekara nakan rubuta ƴan kalmomin yabo a kansa. Bana haushi ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma rabin haushin da kaina nake yi.

Ga wanda bai san shi ba, Sanusi ne ya kafa ƙungiyar ƙwallon kwando ta ɗalibanmu, wadda take horo a wani zauren wasa a unguwar Minguettes. Gajere ne ƙwarai. In ya shiga tsakanin ƴan wasansa sai ka yi ta nemansa, muryarsa kaɗai ke nuna inda yake. Yana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna yi masa tsiya a kanta. Duk ɗan wasan da zai koma wata ƙungiya, Sanusi da kansa yake raka shi. Zai zauna da sabon mai horarwar ya gaya masa komai: hannun hagunsa ba shi da ƙarfi, gwiwarsa ta taɓa ciwo, in aka yi masa tsawa gaban mutane sai ya daina wasa. In kuma shi ne yake son ɗan wasan wani, ba ya yi wa ɗan wasan magana sai ya fara zuwa ya gai da mai horar da shi.

Wata shekara wani dogon ɗalibi a Paris ya so dawowa wurinmu. Doka ta ba shi dama, takarda ɗaya ce za a cike. Sanusi ya ƙi, ya hau jirgin ƙasa har unguwar Belleville ta Paris don ya ga mai horar da shi, wani dattijo ɗan Chadi. Dattijon ya ce a bar masa shi sai ƙarshen kakar wasa. Sanusi ya sha shayi, ya yi godiya, ya dawo hannu rabbana, kuma a wannan shekara muka sha kashi har muka gode Allah. Na ce masa, "Kai dai ba ka son mu ɗauki kofi." Ya ce, "Ɗan mutum ne fa, ba ƙunshi ba ne da za a tura ta gidan waya." Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, shi kuwa har ƙwallo a ƙafa ya ɗauke ta.

To bara kujerar mai horarwa ta zama babu kowa, mutum biyu suka nema. Na farko Mutari ne, ɗan Damagaram, wanda Sanusi ya koya wa riƙon ƙwallo, kuma tun rasuwar Sanusi shi ne mataimakin mai horarwa. Na biyu wani ne daga Paris, mai zaƙin baki da hotunan bidiyo, wanda ya yi alkawarin kawo mana dogaye huɗu daga wasu ƙungiyoyi, har da buɗe wa samarinmu hanyar jami'o'in Amurka.

Sai zauren hirarmu na waya ya kama da wuta. Akwai mutanenmu da suke kallon wasannin jami'o'in Amurka har suka ɗauka su ne suka rubuta dokokin. Suka ce zamani ya canza, a can ɗan wasa yana sauya ƙungiya kamar riga, mai horarwa kuwa ana auna shi da waɗanda zai iya janyowa. Wani ya rubuta cewa Mutari mutumin kirki ne amma kirki ba ya jefa ƙwallo a kwando. Wanda ya rubuta hakan, na san shi, rabonsa da zauren wasanmu tun kafin ya yi aure.

Mu biyar ne a kwamiti. Biyu suka zaɓi Mutari, biyu suka zaɓi baƙon, ni ne na ƙarshe, kuma baƙon na ɗaga wa hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kofin nake so in gani kafin in mutu. Kafin mu tashi daga zaman, sakatare ya saka sakamakon a zauren hira, alhali babu wanda ya yi wa Mutari magana. Na gani, na ce gobe zan je gidansa. Goben nan ta ci wata biyar.

Baƙon ya cika alkawari. Ta waya ya lallaɓo dogayen nan huɗu, masu horar da su ba su sani ba sai da takarda ta iso musu. Muka yi ta cin wasa, masu baki suka yi ta kirari. Kaka ba ta ƙare ba wata ƙungiya a Paris ta kira shi, ya tattara dogayensa ya tafi, ya haɗa da biyu daga cikin namu. Tsintacciyar mage ba ta mage. Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne waɗanda suka fi kowa yi masa tafi su ne yanzu suke kiransa maci amana, kamar ba cin amanar ne muka ɗauke shi ya yi mana ba. Da Sanusi yana raye, ban jin zai zagi baƙon. Mu zai kalla, kallon nan nasa da ya fi mari zafi.

Aka ce ni ne babba, in je in ba Mutari haƙuri ya dawo. Ranar wata Lahadi na same shi a gidansa a Rillieux-la-Pape. Ya tarbe ni da fara'a, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya bar ni na yi bayanina har na gaji.

Ya ce, "Kawu, kujerar taku ce, kuna iya ba wanda kuka ga dama. Da kun zo kun gaya mini da bakinku, wallahi da na ci gaba da ɗaukar masa ƙwallaye. Ina cikin jirgin metiro na karanta sakamakon a waya, tare da kowa."

Na ce, "To yanzu ga ni na zo."

Ya ce, "Na ba wata ƙungiya ta unguwar nan magana. Ba zan bar su a tsakiyar kaka ba, kun san wanda ya rene ni."

Har yanzu ƙungiyarmu tana nan, muna kiran sunan Sanusi a kowane taro, muna yi masa addu'a. Amma duk abin da ya bari na gaske, halinsa da tarbiyyarsa, yana jikin mutum ɗaya ne, kuma mutumin yana horar da ƴaƴan wasu yanzu. Sanusi, Allah ya jiƙanka da rahama. Gadonka bai ɓace ba, ni ne na ɗaga hannu aka fitar da shi daga gidan.