Inna da kalmar "always"

Ina tsaye gaban allo, alli a hannu, malaminmu, da muke ce ma Mushe, na jiran jimlata. Shekarun farkon mulkin kai ne, ina kolej a Tawa, muna koyon Ingilishi.

Na rubuta: "My mother comes always."

Mushe ya ce, "Always, wato kullum, gaban aikatau take zama. My mother always comes. Gyara."

Na ɗaga hannu zan gyara, sai hawaye. Kowace Lahadi Inna kan taso daga Bambeye ta kawo mini fura ranar kasuwa. Wannan Lahadin na jira har la'asar, shiru.

"Mi ya same ka, yaro?"

"Ba ta taho ba, Mushe. Ko in sa sometimes, wani lokaci?"

Ya ce, "A'a. Fashin rana guda ba ya rage uwa. Matsar da kalmar kawai, kada ka goge ta."

Ran Alhamis ya ara mini kekensa, na tafi Bambeye. Na iske Inna kwance, kurkunu ya kama mata ƙafa. Tana ganina ta ce, "Wayyo, ka ci abinci kuwa?"

Ku fa, wa kuke tunawa in an ce "kullum"?