Wasan tanis na ƙarshe da na buga

Shekarun baya, ina cikin mata 'yan kaɗan daga yankinmu da suka ɗauki wasan tanis sana'a. A wani tsohon fili na unguwar ma'aikatan noman rani na koya, nan Talata Mafara, inda mahaifina yake aiki. Siminti duk ya tsattsage, raga kuwa igiya ce muke ɗaurawa. Daga nan na wakilci jiha, sannan na shiga ƙananan gasanni a Legas da Abuja, sau biyu har ƙasashen maƙwabta.

Kada ku ɗauka wata shahararriya ce ni. Sunana dai ya shiga jerin 'yan wasan duniya, amma can ƙasa sosai. Abokiyata ta ce sai da yatsanta ya gaji da jan waya kafin ta gan shi. Ƙa'idar kuma ita ce, in shekara ta zagayo ba ka ci wasa ba, makinka ya zube, a cire sunanka. A shekarar da nake ba ku labari, gasa ɗaya ta rage mini, a Abuja, ga kafaɗata ta dama tana ciwo tun damina.

Mahaifina bai taɓa ganin wasana a gasa ba. Ana jibi zan tafi ya ce, "Uwata, wannan karon da ni za a tai." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya sa aka goge masa babbar riga, muka shiga mota.

An haɗa ni da wata yarinya da na girme wa da kusan shekara goma. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta shiga aika mini ƙwallo inda ba na nan. Duk sanda na ɗaga raket, wato abin buga ƙwallon, sama, kafaɗar sai ta amsa. Mahaifina yana zaune shi kaɗai a benci, yana tafi duk lokacin da ƙwallo ta faɗi, ko ni na ci ko ita. Ba a yi awa ɗaya ba alƙalin wasa ya sanar an gama.

Na je wurinsa ina share gumi. Ya miƙo mini ruwa, ya ce, "To, yaushe za a fara na gasken?"

Na ce, "Baba, ai shi ke nan. An fitar da ni."

Ya dubi filin, ya dube ni, ya ce, "Allah shi sa haka ya fi alheri."

Washegari a hanyar dawowa, mun wuce Gusau, na ce masa na daina wasa. Ya ce, "Don wannan 'yar ta cinye ki?"

Na ce a'a. A da in aka cinye ni, kwana biyu nake yi abinci ba ya shiga. Jiya kuwa daga filin na wuce na ci shinkafa faranti guda, har na nemi ƙari. Ban ji haushi ba ko kaɗan.

Ya ce, "Na lura da ƙarin."

Bayan wata biyu na samu aikin koyar da motsa jiki a wata makarantar 'yan mata a Bakura, can nake har yau.

Mutane kan so in ce na yi kuka, ko ina nadama. Gaskiya babu ko ɗaya. Na yi shekara tara ina abin da nake so, na ga garuruwa, iyakar ƙarfina ke nan. Abin da na gane daga baya shi ne, son wasan ya riga ya fita daga raina tun kafin ranar, ni ce ban lura ba. Da na ci wasan nan, da wataƙila na ƙara shekara guda ina jan kafaɗa a banza.